Ɗakin da Yaya Ya Gina a Bayan Mota

Ni da Yaya ba uwarmu ɗaya ba, ba kuma ubanmu ɗaya ba. Nono ne ya haɗa mu. Ya girme ni da 'yan watanni, kuma ina jariri mahaifiyarsa ta kwanta ciwo har nononta ya ƙafe, sai Innata ta haɗa mu biyu ta shayar. A lungu ɗaya muka tashi a unguwar Zahir, a tire ɗaya muke cin shinkafa, malami ɗaya ya biya mana karatu. Takarda ce kaɗai ta bambanta mu. Kakana ya zo Makka tun zamanin da ake zuwa a ƙafa, ya zauna, ya sami shaidar zama ɗan ƙasa, muka gada. Iyayen Yaya kuwa daga baya suka iso. Sun baro ƙasar Hausa, sun yi shekaru a Chadi suna tara guzuri, sannan suka ratso Sudan suka haye teku da fasfon Chadi a hannunsu. A Makka aka haifi Yaya, a nan ya yi aure, a nan ya binne iyayensa da matarsa, amma duk shekara sai an sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, a ƙarƙashin kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, kamar baƙon da ya sauka jiya.

Kafinta ne. Tun yana saurayi yake aiki a wajen wani dattijo mai shagon yin gadaje da ƙofofi, shi ne kuma kafilin nasa. Da dattijon ya rasu 'ya'yansa suka rufe shagon, don mutane sun koma sayen kayan ɗaki da ake kawowa a kwali a haɗa da noti. Ba su wulaƙanta shi ba. Sun ce za su sabunta masa na shekara guda, kafin ta ƙare ya nemi wani kafilin. Lokacin gemunsa ya yi fari, sai ya sa tabarau kafin ya ga layin da ya ja a jikin katako.

Wata Asabar da hantsi ya zo shagona, inda nake sayar da tukwane da kwanuka a kasuwar unguwa, ya ce in rufe in raka shi, in kuma taho da katina na shaidar ɗan ƙasa. Muka fita bayan gari zuwa tashlih, filin da ake jibge matattun motoci ana sayar da sassansu. Ya wuce gaba ina bin sa, muna ratsa tsakanin gawarwakin motoci, har ya tsaya gaban wata tsohuwar a-kori-kura. Fara ce a da, amma rana da ƙura sun mayar da ita launin ƙasa. A bayanta, inda ake loda kaya, an ɗora wani ɗan ɗaki na katako da aka lulluɓe da alminiyam, gabansa ya miƙo ya rufe kan direba kamar hular da aka turo goshi. Mai filin ya ce wasu alhazai ne daga ƙasashen da ke arewa da nan suka zo da ita ta hanyar ƙasa tun da daɗewa, injin ya mutu, suka bar ta suka koma ta jirgi.

Na leƙa ciki, warin fitsarin kyanwa ya mayar da ni baya. Yaya ya hau, katakon ƙasan ya lotsa ƙarƙashin ƙafarsa.

Na ce, "Me za ka yi da wannan, Yaya?"

Ya ce, "Gyarawa."

"Wannan ko ɗan gwangwan sai ya yi shawara kafin ya ɗauka."

"Injin makaniki zai duba. Ɗakin kuwa katako ne, katako kuma na san shi." Ya sauko yana kaɗe hannu. "Sai dai irina ba a rubuta masa irin wannan motar da sunansa. Da naka za a rubuta, ɗan Inna."

Na zaci sana'a yake nema. Lokacin aikin Hajji mutanenmu da yawa sukan sami ɗan aiki a Mina ko Muzdalifa, na ce a raina wataƙila shayi zai riƙa sayarwa a ciki, ko ya sami wurin miƙe baya tsakanin aiki da aiki. Na faɗa masa haka a hanyar dawowa. Sai ya kawo zancen yadda za a jawo motar.

Aka jawo motar zuwa wani fili da aka kewaye da katanga a bayan lungunmu, na wani maƙwabcinmu da bai tashi gini ba tukuna. Darbejiya guda ce a ciki, a gindinta muka ajiye ta. Zafi bai bari a yi aiki da rana, sai bayan la'asar zuwa magariba, da kuma safiyar Juma'a kafin a tafi masallaci. Nakan bar shago a hannun maƙwabcina in zo.

Da ɓare alminiyam muka fara. Ƙusoshin duk sun yi tsatsa, kan kowace sai ya gutsure kafin ta fita, sai an haƙo ragowar da bakin sukurudireba. Yaya ya hana a yage ko falle ɗaya, ya ce su za a mayar, don sababbin na yanzu ba su da kauri. Muka jera su jikin katanga bi da bi yadda muka cire su. Da ɗakin ya tsaya tsirara muka ga abin da ke ciki. Ruwan da ya riƙa shiga ta rufin ya baƙanta katakon sama, gara kuma ta cinye na ƙasa. Wani ka taɓa shi da yatsa sai ya zube kamar dusa. Yaya bai yar da ko guda ba sai ya auna shi, ya yanko sabo daidai tsawonsa daga ragowar katakon da 'ya'yan maigidansa suka bar masa. Ni nawa riƙewa ne da miƙo guduma. Hannuna bai san aiki ba, na sha buga yatsa, na kuma taɓa yanka filanki a inda ba nan aka ja layi ba. Ya dube shi ya ajiye gefe, ya ce zai yi amfani wajen kanta.

Shi ma ya yi nasa kuskuren, kuma ya fi nawa ciwo. Mun tayar da ƙashin bangon hagu da na dama, mun haɗa na baya, mun fara ɗora rufi, sai ya ga kusurwoyin sun ƙi haɗuwa. Ya auna, ya sake aunawa. Ashe tayar baya ɗaya ta sace a hankali, motar ta karkata, shi kuma yana ta daidaita aikinsa da ƙasa ba da gadon motar ba. Aikin makonni ne ya tashi a banza. Ya zauna kan wata tsohuwar taya, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Da aka kira magariba ya miƙe ya ce, "Da can ba na irin wannan." Washegari muka ɗaga motar da jak, muka sa mata duwatsu, muka fara zare ƙusoshin da muka buga da hannunmu.

Sanyi ya shigo, aikin ya fara kama da ɗaki. Muka cusa soso tsakanin bangon ciki da na waje saboda zafi, muka mayar da alminiyam, ya bi kowace mahaɗa ya toshe da gam. Ranar da zai yanka taga na ce ya yi ta da faɗi a gefe, da murfin da ake ɗagawa, yadda zai riƙa miƙo wa mutane shayi.

Ya ce, "Ba shayi zan sayar ba."

Ya nuna min yadda ya tsara cikin. Gado a sama, kan direba. Akwatin kayan aiki ƙarƙashin benci. Wurin tankin ruwa, wurin tukunyar gas, kanta ta kayan sawa.

Na ce, "Wannan ai gida ne."

"Gida ne."

"Na wa?"

Ya ci gaba da goge gefen katako da samfefa, bai dube ni ba. Ya ce ya zagaya duk inda ya san ana aikin katako a Makka da Jidda, kowa ya dubi gemunsa sai ya yi masa addu'a ya sallame shi. Ya ce in iƙamar ta ƙare ba zai zauna yana ɓuya a lungu kamar ɓarawo ba, yana jin jiniya gabansa na faɗuwa. Zai sa motar a jirgin ruwa daga Jidda zuwa Sudan, daga can ya kama hanya yamma, hanyar da iyayensa suka biyo, har Chadi.

"In na sauka can, ɗan Inna, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa? Waɗanda suka san babana sun mutu. Ban san titi ko ɗaya ba. Gara in tafi da ɗakina da kayan aikina. Inda na ga ana gini in tsaya, in yi musu ƙofa da taga, in kwana a abina."

Na ce ba za a kai ga haka ba, zan nemo masa kafili ko ina ne.

Ya ce, "Tayyib, shi ke nan. Kai ka nema, ni kuma ina wannan."

Na nema. Na fara da kaina, aka ce takardun shagon tukwane ba su ɗaukar kafinta. Na je wajen abokan makaranta, na je wajen surukina, na je wajen mutanen da rabona da su tun bikin aurena. Na sha gahawa a falo da yawa. Kowa yana da dalilinsa, kuma yawancinsu gaskiya suka faɗa. Duk ranar da na dawo sai in tarar da shi a gindin darbejiya. Ba ya tambayata yadda aka yi, sai dai ya miƙo min bakin filanki ya ce in riƙe.

Inna ta ji labari, ban san a bakin wa ba. Ta tsufa sosai lokacin, da ƙyar take fita ko zuwa maƙwabta, amma ta ce sai an kai ta ta gani. Na turo ta a keken guragu wata la'asar. Yaya ya jera mata akwatuna biyu ta taka, muka riƙe ta ta shiga ta zauna kan benci. Ta shafa bangon, ta dubi rufin da ya kusa taɓa kanta.

Ta ce, "Ya yi ƙunci, ɗana."

Ya ce, "Ni kaɗai ne, Inna."

"Wa zai dafa maka?"

"Na iya dafa shinkafa."

"Ka iya caɓa ta dai." Sannan ta ce, "Ni na ɗauka ku biyu za ku sa ni a rami."

Yaya ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙusa a hannunsa. Ta ce a sauke ta, ƙafarta ta fara sanyi.

Makaniki ya tayar da injin gab da azumi. Hayaƙi ya turnuƙe filin, kyanwoyi suka watse, Yaya ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ƙofar baya ce kawai ta rage, ya riga ya yanka katakonta ya jingina.

Cikin azumin nan yaƙi ya ɓarke a Sudan. Da farko Yaya ya ce na kwana biyu ne, za su sasanta. Kullum wayarsa na kunne yana bin labarai. Sallah ta zo ta wuce, labarin sai ƙara muni yake, garuruwan da ya haddace sunayensu don su ne zangonsa su ake ambata ana ƙirga gawa. Muka je Jidda wajen masu jigilar kaya a jirgin ruwa. Wani ya ce zai iya sauke motar a gaɓar Sudan, amma daga nan zuwa yamma ko kaza ba zai ba mutum shawarar ya kora ba. Muka tambayi wata hanyar, ta zagaye har gaɓar Kamaru. Abin da suka faɗa ya fi ƙarfinmu mu biyu a haɗe, kuma ba su da tabbacin za a bar mota mai irin shekarunta ta shiga.

Bai daina zuwa filin ba, amma bai taɓa ƙofar ba. Sai in same shi yana goge bencin da ya riga ya yi sumul, ko ya buɗe akwatin kayan aiki ya sake jera su. Wata rana na ce ya tsaya ko da iƙamar ta ƙare, mutum nawa ne ke zaune haka, gidana gidansa ne.

Ya ce, "In aka kama ni a gidanka kai za a ci tara, ni kuma a fitar da ni da ankwa. Ka bar ni in fita da ƙafata."

Aka buga masa bizar fita, wadda ba dawowa, kafin alhazai su fara cika gari. Ranar jajibirin tafiyarsa muka je maƙabarta bayan sallar asuba. Kaburburan nan ba su da suna, kuma an daɗe da sa wasu a ramukan da aka sa nasa. Ya tsaya daga inda yake zaton nan ne, ya yi wa iyayensa da matarsa addu'a. Daga nan muka wuce Harami ya yi ɗawafin bankwana. Mun sha raka baƙi su yi shi, muna riƙe musu takalma muna jira, amma ban taɓa kawo wa raina zan raka wanda aka haifa a Zahir ba. Na bi bayansa a zagayen. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Wajen Inna bai daɗe ba. Ya durƙusa gaban gadonta ya ce ta yafe masa nonon da ya sha. Ta ɗora hannu a kansa ta ce ba abin yafewa, ta yi masa addu'a da Hausa, irin doguwar addu'ar tsofaffi da yaranmu ba su gane rabinta. Da ya miƙe ta juya fuskarta bango.

Jaka biyu aka yarje masa a jirgi. Kayan aikinsa sun fi nauyin da aka ƙayyade, sai ya zaɓi zarto ɗaya da guduma da abin awo, ya bar sauran a akwatin cikin motar. A filin jirgin Jidda 'yarsa, wadda ke aure a can, ta riƙe hannun rigarsa tana kuka a hankali har layi ya iso kansa. Ni ya ba ni makullin motar, ya ce, "Taka ce dama, ga sunanka a takarda." Muka rungumi juna, ya shige.

Bayan Hajji na koma filin. Ganyen darbejiya ya taru a rufin. Na ɗauko katakon ƙofar na haɗa yadda na ga yana yi, na kafa ta. Ta karkace, ba ta rufuwa sai an ɗaga ta an tura da gwiwa, amma ta rufu. Na ɗauki hoto na aika masa. Ya turo murya ya ce, "Ba laifi." Ya ce ya sami ɗaki haya a Injamena, a gidan wani mahauci, ya kuma sami mai shagon katako da ke ba shi aiki jefi-jefi. Ya ce yaran gidan Balarabe suke ce masa, suna dariyar Hausarsa, shi da ya yi rayuwarsa duka a nan ana ce masa Takari.

Sau ɗaya na fita da motar. Na ce bari in hau da ita garin Ɗa'if da ke kan dutse, ko ba komai a ce ta je wani wuri. Tun ban kai rabin hawan dutsen ba lagireto ya tafasa. Na gangara gefen hanya na kashe ta, na zagaya baya na shiga ɗakin don in fake wa rana. Ƙamshin sabon katako da gam yana nan. Na hau gadon na kwanta, ya yi min tsawo, don da tsawonsa ya auna. Ina jin manyan motoci na wucewa suna girgiza ɗakin. Da injin ya huce na zuba ruwa na juyo gida.

Inna ta rasu da sanyin shekarar. Ni na kira shi na faɗa masa. Ina jin hayaniyar babura ta bayansa. Ya tambaya ko an kai ta Harami an yi mata salla, na ce an kai. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya kashe wayar.

Ba a jima ba mai filin ya zo da haƙuri ya ce zai fara gini. Lungunmu ba ya ɗaukar mota irin wannan, ni kuma ba ni da inda zan kai ta. Wani mai garken tumaki a bayan gari ya saye ta don makiyayinsa ya riƙa kwana. Na kwashe kayan aikin Yaya na kai gida, suna ƙarƙashin matakala har yanzu. Abin da aka biya na aika masa, ya ce ba ya karɓa, na ce kuɗin sun riga sun tafi. Ya tambaya ko mutum ne zai zauna a ciki ko buhunan abincin dabbobi za a zuba. Na ce mutum ne. Ya ce to.

Da farko duk Juma'a yake kira bayan an sauko daga masallaci. Yakan tambaye ni mutanen lungu ɗaya bayan ɗaya, wa ya tashi, wa ya aurar, wa ya rasu. Yanzu kiran ya ja baya, wani lokaci sai a yi wata. Idonsa ya ƙara rauni, mai shagon ya daina ba shi yanka, sai gugar katako da shafa fenti. Juma'ar da ta wuce na kira har sau biyu bai ɗauka ba. Na nemi 'yarsa, ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, matar mahaucin tana kai masa kunu, an ce da sauƙi.